Wa Aka Rubuta a Littafin? Nazarin Dokar 'Yan Sa-kai ta Burkina Faso daga Zangon Kumasi

Ni ke riƙe da littafin 'yan sintirin layinmu a Aboabo, nan Kumasi. Littafin 'yan makaranta ne mai shuɗin bango, da sunaye 31 a ciki, kowa da lambar wayarsa da daren da yake fita. Kayan aikinmu tocila ce da usur da gora. Ƙa'idar da muka yi da 'yan sanda ita ce duk wanda muka kama mu kira su, mu miƙa shi da ransa da lafiyarsa. Kuɗin batir da na shayin dare daga karo-karon masu gidaje yake fitowa, sidi kaɗan-kaɗan a ƙarshen wata.

Watan da aka sace babura uku da pragiya ɗaya, wato babur mai ƙafa uku na haya, a tsakanin layi biyu, muka zauna bayan sallar isha'i a ƙofar masallaci. Ran matasa a ɓace yake, don waɗanda suka ɗauke pragiyar da bindiga suka zo, yaranmu biyu suna tsaye suna kallo, ba abin da gora za ta iya. Ɗan yayata ne ya miƙe da waya a hannu, hoton Kyaftin Ibrahim Traoré, sojan da ya karɓi mulkin Burkina Faso, da jar hularsa a fuskar wayar. Ya ce, "Kawu, ga Burkina nan kusa da mu. Gwamnati ta yi doka, ta rubuta 'yan sa-kai, ta ba su bindiga da albashi, sun zama mataimakan soja. Mu me ya hana a yi mana haka? Ku rubuta takarda a kai sama, a horar da mu, mu zama sojojin ko-ta-kwana." Samarin majalisar ataya suka goya masa baya gaba ɗaya.

Akwai wani Alhaji a cikinmu da ya yi shekaru yana jan motar tumatir daga Wahiguya zuwa Kumasi, ta Wagadugu da Po da Paga da Tamale da Techiman, kafin hanya ta lalace ya ajiye sitiyari. Bai ce uffan ba sai da aka watse. Sannan ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, kai ne mai biro. Kafin ka rubuta wa kowa takarda, je ka bincika wa aka rubuta a littafin can, wa aka bari a waje." Abin da ke tafe shi ne abin da binciken ya nuna mini.

Yadda aka haifi dokar

'Yan sa-kan Burkina sun girmi dokar da ta ba su suna. Bayan faɗuwar Shugaba Blaise Compaoré a Oktoban 2014, sata da fashi suka yi yawa a karkara, jandarma kuma sun yi nisa. Sai ƙungiyoyin Koglweogo suka bazu, musamman a ƙasar Moshi da gabas. Sunan da harshen Moshi ne, yana nufin masu tsaron daji. A yamma kuma akwai mafarautan Dozo tun kaka da kakanni. Koglweogo sun yi farin jini da farko, don ɓarawon akuya ya san idan suka kama shi akwai bulala da tara a bainar jama'a, kuma an ga sata ta ragu a wurare da dama. Suna da kurkukunsu da shari'arsu, gwamnati tana kallo tana kau da kai, don suna yin aikin da ta kasa.

Ranar 1 ga Janairun 2019 masu ɗauke da makamai suka shiga ƙauyen Yirgou a yankin Barsalogho, suka kashe mai gari da wasu mutanensa. Koglweogo suka fita ramuwa a kan rugagen Fulanin da ke kewaye, kwana da kwanaki. Gwamnati ta ce mutum 49 suka mutu. Ƙungiyar CISC, wadda aka kafa bayan abin don yaƙi da kisan ƙabilanci, ta ce sun haura 200. Wannan ya faru shekara guda kafin dokar, saboda haka duk wanda ya zauna rubuta ta ya san irin mutanen da za su zo layin karɓar bindiga, ya kuma san da wa suke da tsohuwar gaba.

Abin da ya tunzura gwamnati shi ne harin 6 ga Nuwamban 2019, lokacin da aka yi wa motocin ma'aikatan kamfanin zinariya na Semafo kwanton ɓauna a hanyar Boungou, kusan mutum 40 suka rasu. Washegari Shugaba Roch Marc Christian Kaboré ya yi jawabi ya ce za a ɗauki 'yan sa-kai. Ranar 21 ga Janairun 2020 majalisar dokoki ta amince da dokar ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba, har da 'yan adawa. Haka aka sami waɗanda kowa yanzu yake kira VDP, wato masu sa-kai don kare ƙasa.

A takarda dokar tana da tsari. Ɗan sa-kai ɗan ƙasa ne mai shekara 18 ko fiye, mataimaki ne ga jami'an tsaro, yana ƙarƙashin umarnin soja. Yana sa hannu a yarjejeniyar shekara guda da ake iya sabuntawa. Horonsa kwana 14 ne, a ciki har da riƙon makami da ladabin aiki. Aikinsa ya tsare ƙauyensa ko unguwarsa, ya kai wa soja labari, ya riƙe wuri kafin ɗauki ya iso. An hana shi aikin bincike da shari'a irin na 'yan sanda. A farko ma ba albashi, sai ɗan tallafin wata da ake ba kowane rukuni, da kuɗin magani idan an ji rauni, da na jana'iza. Manufar a fili take: maimakon bindigogi su yi ta yawo a daji ba mai lissafinsu, gara a san masu su, a sa musu linzami. Ni kaina da ina cikin majalisar nan a ranar, da hannuna na ɗaga. Ƙasar da sojanta ba su isa su tsare ƙauyuka dubbai ba, rashin uwa ne ya sa ta yi uwar ɗaki.

Layi ɗaya a cikin dokar

Amsar tambayar Alhaji tana cikin wani layi da mai karatu zai iya wucewa bai lura ba. Dokar ta ce ana ɗaukar 'yan sa-kai a matakin ƙauye ko unguwa, kuma sai taron jama'ar wurin ya amince da mutum. Da jin wannan sai ka ce ai shi ke nan, mutanen gari su suka san nasu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma wa ke zama a taron gari? Manoma masu gida da gona a cikin gari, da mai gari, da masu faɗa a ji. Bafulatanin da rugarsa take nesa da gari, wanda bara suka yi rigima da manomi kan burtali ko rijiya, wanda tun daga Yirgou ake masa kallon ɗan leƙen asirin 'yan ta'adda, shi ba ya zuwa taron, in ya zo ma ba wanda zai ɗaga masa hannu. Masu bincike irin su International Crisis Group sun rubuta wannan a fili: a yankuna da yawa kusan babu Fulani a cikin VDP.

To duba abin da ya biyo baya. Rigimar gona da kiwo tana nan yadda take, masu ita suna nan, amma yanzu ɓangare ɗaya yana riƙe da bindigar gwamnati da katin gwamnati. Idan ya ce wane ɗan ta'adda ne, maganarsa soja zai ji, don shi ne idon soja a wurin, shi ya san hanya, shi ya san harshe. Dokar mutum ɗaiɗai ta rubuta, amma a aikace Koglweogo da Dozo da yawa sun shigo ne da shugabanninsu da layunsu da jerin mutanen da suke jin haushi. Kwana 14 ba sa wanke gabar shekara 20. Shi kuwa wanda aka bari a wajen littafi, gaba kura baya sayaki: in ya zauna a ruga VDP su ce yana ciyar da 'yan daji, in ya shigo gari 'yan daji su ce ya sayar da su. Wasu matasansu da ba su taɓa tunanin ɗaukar makami ba, a haka aka tura su hannun masu iƙirarin jihadi, waɗanda dama abin da suke jira ke nan.

Ranar 30 ga Disamban 2022 aka ga wannan ƙarara a garin Nouna da ke arewa maso yamma. An kai hari sansanin 'yan sa-kai da dare. Da gari ya waye, mafarautan Dozo da ke cikin VDP suka shiga unguwannin da Fulani suka fi yawa, gida-gida. Hukuma ta ce an sami gawa 28, Amnesty International ta ce aƙalla 86. An yi musu kuɗin goro, mu 'yan Kumasi mun fi kowa sanin ma'anar wannan kalma: ba a duba babba da ƙarami, fari da ja, kwando ɗaya kuɗi ɗaya. A Maris ɗin 2025 aka sake gani a kewayen Solenzo, inda Human Rights Watch ta ce soja da VDP sun kashe fararen hula Fulani aƙalla 130. Bidiyon kisan ya yi ta yawo a wayoyinmu a nan zango. Gwamnati ta musanta, ta ce farfaganda ce. Bayan haka ƙungiyar masu iƙirarin jihadi ta JNIM ta yi ramuwa a kan ƙauyukan da take zargi da taimakon soja, ta kashe nata fararen hular.

Kada a ce na yi wa 'yan sa-kan su ma kuɗin goro. Da yawansu manoma ne da ba su da zaɓi, an kore su daga gonakinsu, an yanka 'yan'uwansu a gabansu. Akwai garuruwan da ba don su ba da tuni an tashe su. Alhaji da bakinsa ya ce mini sau da yawa su ne suka raka motocinsu a kan babura, da tsofaffin bindigogi, alhali sun san su za a fara harbi. Ya san labarin Ladji Yoro, wato Soumaïla Ganamé, jagoran 'yan sa-kan Titao da ƙasar duka ta sani. Ranar 23 ga Disamban 2021 yana rakiyar ayarin 'yan kasuwa a hanyar Titao aka yi musu kwanton ɓauna kusa da ƙauyen You, mutum 41 suka mutu har da shi, aka yi makokin ƙasa na kwana biyu. Idan Alhaji ya zo nan a labari sai ya yi shiru ya ce Allah ya jiƙan maza. Mutuwarsu ma hujja ce a kan tsarin. An sa su a gaba da horon mako biyu da harsashi ƙididdigagge, ɗaukin da aka yi musu alkawari sau da yawa bai zo ba.

Akwai kuma kuɗin da ƙauyen kansa yake biya. Garin da ya ba da 'yan sa-kai ya zama abokin gaba a idon masu ɗauke da makamai, da matansa da yaransa. A Solhan, daren 4 zuwa 5 ga Yunin 2021, maharan sun fara da sansanin VDP sannan suka bi gidaje, gwamnati ta ƙirga mutum 132. A Barsalogho, 24 ga Agustan 2024, an fito da mutanen gari su haƙa ramukan kariya a bayan gari, JNIM ta buɗe musu wuta. Human Rights Watch ta ce aƙalla 133 suka mutu, maharan kuma a sanarwarsu suka kira su mayaƙan sa-kai. Iyakar da ke tsakanin farar hula da mayaƙi ta goge, kuma talaka ne ya kwana a ciki.

Bayan Traoré ya hau

Traoré ya karɓi mulki ranar 30 ga Satumban 2022, bai yi wata guda ba aka sanar da ɗaukar 'yan sa-kai 50,000: 35,000 su tsaya a ƙananan hukumominsu, 15,000 kuma a iya tura su ko'ina a ƙasa tare da soja. Gwamnati ta ce sama da 90,000 suka yi rajista. A Disamban shekarar aka sabunta dokar, aka sa su ƙarƙashin wata runduna ta musamman da hafsoshin soja ke jagoranta, aka yanka musu sefa 60,000 a wata, daga baya a 2024 aka ɗaga zuwa 80,000. Kuɗin daga wani asusun tallafin kishin ƙasa yake fitowa, wanda ake cikawa da haraji a kan abin sha da taba da katin waya, da abin da ake cirewa daga albashin ma'aikata. Wannan shi ne ɓangaren da ɗan yayata ya gani a TikTok, kuma gaskiya ne: albashi ya samu, kaki ya samu, makami ya ƙaru.

Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne abin da aka yi da kalmar sa-kai. A Afrilun 2023 aka fitar da dokar gangamin ƙasa baki ɗaya, wadda ta ba gwamnati ikon kiran duk wanda take so zuwa fagen daga. Sai aka ga kiran yana faɗawa kan 'yan jarida da shugabannin ƙwadago da masu kare haƙƙin ɗan Adam, har da alƙalai. Dakta Daouda Diallo, sakataren CISC ɗin nan da ta ƙirga gawarwakin Yirgou da Nouna, an ɗauke shi ranar 1 ga Disamban 2023, sai hotonsa aka gani cikin kaki da bindiga, ba a sake shi ba sai Maris na 2024. Ablassé Ouédraogo, tsohon ministan harkokin waje mai shekara 70, shi ma haka aka yi masa. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Ɗan sa-kan da ya yi kisa, wa zai kai ƙararsa, idan mai ƙirga gawa da alƙalin da zai saurara duka ana iya jefa su mota a kai su daji? Dokar da aka yi don sa linzami ta wayi gari ba mai duba ko linzamin yana baki. Mutanen da suka bar gidajensu a ƙasar sun haura miliyan 2 tun a 2023, wasunsu suna nan arewacinmu, a sansanin Tarikom da ke yankin Bawku ta Yamma da na Zini.

Irin wannan doka ta taɓa yin aiki a wani wuri, kuma yana da kyau a ga yadda aka yi. A Amurka kowace jiha tana da mayaƙanta na sa-kai tun kafuwar ƙasar. Yaƙinsu da Sifen a 1898 ya tona asirin rashin horonsu da bambancin kayansu. Sai a 1903 aka yi dokar da ake kira da sunan Charles Dick, ɗan majalisa daga Ohio, da goyon bayan sakataren yaƙi Elihu Root. Ciniki aka yi: gwamnatin tarayya ta ba da kuɗi da makamai, su kuma rundunonin jihohi su yi atisaye sau 24 a shekara da zaman sansani na kwana 5, su daidaita tsarinsu da na soja cikin shekara 5, hafsoshin soja su riƙa zuwa duba su. A 1916 aka ƙara atisayen zuwa 48 da sansanin kwana 15, sai a 1933 aka mai da su cikakken ɓangaren ko-ta-kwana na sojan ƙasa. Shekara 30 ke nan, kuma ba a fara lokacin da gida ke cin wuta ba. Sudan ta bi ɗaya hanyar. Janjawid ɗin Darfur aka sake wa suna RSF a 2013, majalisa ta yi musu doka a 2017, amma aka bar su da kwamandansu Hemedti da zinariyarsu da asusunsu. Da aka zo maganar narkar da su cikin soja, soja suka ce shekara 2, su suka ce 10, ranar 15 ga Afrilun 2023 Khartoum ta kama da wuta. Wanda ya ɗaure kura shi ya kamata ya san yadda zai kwance ta, kuma a dokar Burkina ma ranar karɓe bindigogin nan dubbai tana nan tafe.

Mu a nan gida

Kundin tsarin mulkin Ghana na 1992, sashe na 210, ya ce ba wanda zai kafa runduna mai makami sai da dokar majalisa. Ƙofar ke nan, majalisa ce ke da mabuɗinta. Amma abin da majalisarmu ta yi a 2019 akasin na Burkina ne, kuma mu mutanen Kumasi mun san dalili. A Maris ɗin 2017 'yan bangar siyasa na Delta Force suka shiga ofis suka fitar da sabon jami'in tsaron jihar Ashanti da ƙarfi don ba nasu ba ne. Ranar 6 ga Afrilu abokansu suka kutsa kotu a nan Kumasi, alƙaliya tana zaune, suka fitar da mutum 13 da ake tuhuma. Ƙarshen shari'ar tarar sidi 1,800 kowannensu. Ranar 31 ga Janairun 2019 aka yi harbi a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a Accra, aka kafa kwamitin bincike na Emile Short. Cikin Fabrairun shekarar aka harbe wani matashi a ofishin jam'iyyar NDC a nan garin. Daga nan aka yi dokar hana 'yan bangar siyasa, mai lamba 999, wadda ta lissafa ƙungiyoyi 27 da suna, irin su Hawks da Invincible Forces da Azorka Boys da Delta Force, ta ce a rushe su, ta sa ɗaurin shekara 10 zuwa 15 ga mai kafawa ko ɗaukar nauyi. Dokar ta bar wa maƙwabta damar haɗa kai su tsare unguwarsu daga masu laifi, a nan irin sintirinmu yake tsaye.

Kowa a zango ya san daga ina ake ɗebo ƙartin waɗancan ƙungiyoyi. 'Ya'yanmu ne, NDC ta ɗiba, NPP ta ɗiba. Idan gobe aka ce za a rubuta 'yan sa-kai a ba su bindiga, ban ga abin da zai hana littafin ya bi ta hannun shugaban jam'iyya na mazaɓa ba, kuma bayan shekara huɗu ko takwas wata jam'iyyar ta zo da nata littafin. A Bawku kuwa, inda Kusasi da Mamprusi suke rigimar sarauta shekara da shekaru, taron gari na wane ɓangare ne zai amince da sunaye? Na kuma fahimci zafin da matasanmu ke ji. Ba su manta da Yulin 2018 ba, lokacin da 'yan sanda suka harbe samarin zango bakwai a Manso Nkwanta suka ce 'yan fashi ne, kwamitin bincike ya ce babu hujjar hakan, gwamnati ta biya iyalansu diyya. Wanda ya ga haka yana da dalilin cewa gara bindiga a hannunsa. Sai dai abin da ya kashe samarin nan shi ne mai bindiga ya dubi mutum ya yanke hukunci daga kamanninsa da unguwarsa, kuma mu ma, da gorarmu, mun taɓa yin haka.

Bara da damina, wajen ƙarfe uku na dare, yaranmu suka tare wani saurayi a bakin kwata, da igiya a kafaɗa da ƙaramar jaka. Ina wurin. Aka tambaye shi da Hausa, amsarsa ba ta fita sosai, aka yi masa Twi bai ji ba, Turanci ma haka. Yana ta maimaita suna ɗaya yana nuna cikin layi. Wani ya ce igiyar ta ɗaure akuya ce, wani ya ce ku dubi fuskarsa, irin mutanen can ne. Kafin in buɗe baki an sauke masa gora a hannu, na ji ƙarar ƙashin. Na yi jinkirin tsawatawa, wannan laifina ne, kuma har yau ina neman gafarar Allah a kai. Da asuba sai ga wani dattijo Bafulatani, dillalin shanu a Mayanka, mutumin da ya fi shekara 20 yana haya a layinmu, muna sahu ɗaya da shi a masallaci. Yaron ɗan ƙaninsa ne, ya rako shanu a mota daga arewa, aka sauke su da dare, ya biyo ƙafa yana neman gidan baffansa. Sunan da yake ta faɗa sunan dattijon ne na Fulatanci, mu kuwa da laƙabin kasuwa muka san shi. Muka biya kuɗin ɗori, muka ba da haƙuri. Dattijon ya ce ya yafe, bai ƙara ko kalma ba.

Bayan na gama binciken Burkina na buɗe littafina na bi sunaye 31 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Hausawa, Dagomba, Moshi biyu, Zabarmawa uku, Bayarabe ɗaya. Kusan duka 'ya'yan masu gida ne ko waɗanda aka haifa a layin. Babu Bafulatani ko ɗaya, babu ko ɗaya daga 'yan hayan da suka zo a shekarun nan. Ba wanda ya zauna ya ce a hana su. A taron ƙofar masallaci muka zaɓa, kowa ya kawo wanda ya sani, aka ce an amince. Da akwai mai jin Fulatanci ɗaya a cikin masu fita daren nan, da jimla biyu sun isa.

Na kai wa kwamiti abin da na gano, muka yi zama biyu, na biyun ya kai sha ɗayan dare. Takardar neman bindiga ba a rubuta ba. An yarda a kan abu uku: a sake kai sunayenmu ofishin 'yan sanda a tantance, a nemi su ƙara sintirin mota a daren Juma'a da Asabar, kuma duk wanda ya ɗaga gora a kan mutumin da bai kawo masa hari ba, ni da liman muna da ikon soke sunansa a daren, ba sai an jira taro ba. Ɗan yayata bai gamsu ba. Ya ce, "Kawu, duk wannan ba zai dawo da pragiyar ba, kuma in sun dawo da bindiga gobe usur za mu busa musu." Ba ni da amsar da za ta kwantar masa da hankali, na dai ce masa ya zo ya raka ni.

Ranar Lahadi da hantsi muka shiga mota zuwa Mayanka, littafin yana aljihuna. Muka sami dattijon a cikin kara, yana tsaye tsakanin mai saye da mai sayarwa a kan wani farin bijimi. Muka jira har aka ce Allah ya sa albarka. Na gaishe shi, na ce, "Baffa, mun zo roƙo ne. Muna so ka ba mu ɗaya daga cikin yaranka ya shiga sintiri." Ya karɓi littafin, ya juya shafukan a hankali duk da ba boko yake karantawa ba, ya dubi ɗan yayata, ya dube ni. Ya ce zai yi shawara da mutanensa, in dawo bayan Juma'a biyu. Na bar layi na 32 ba rubutu.